Tun Daga Naɗin Shugaba Ake Yanke wa Malamin Aji Daraja

Duk lokacin da gwamna ya aika wa majalisar dokoki sunayen waɗanda yake so su zama kwamishinoni, gardama ɗaya ce take tashi a gidajen rediyon Kano da majalisun ƙofar gida: wa za a ba ilimi? Wasu su ce sai farfesa, wasu su ce tsohon firinsifal ya fi sanin ciwon, wasu kuma su ce ɗan siyasar da gwamna ke jin maganarsa ya fi su duka amfani, tunda shi ne zai iya fito da kuɗi. Kowane ɓangare yana da hujja. Amma kujerar da ake ta wannan cacar baki a kanta ba ita ce ta fi taɓa rayuwar malamin firamare a Kurna ko Ɗorayi ba. Waɗanda suka fi taɓa shi ana naɗa su ne shiru, ba a karanta sunayensu a labaran ƙarfe bakwai.

A fara da abin da doka ta ce. Sashe na 192 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba gwamna ikon naɗa kwamishina, majalisar jiha ta tabbatar da shi. Babban sharaɗin shi ne mutum ya cancanci tsayawa takarar majalisar jiha, wato ya yi karatu zuwa matakin sakandare ko makamancinsa, ya kuma kai shekara 25 tun bayan gyaran 2018. Babu inda aka ce sai ya taɓa riƙe alli. Gyaran 2023 ya ƙara da cewa a miƙa sunayen cikin kwana 60 da rantsar da gwamna. Abin da ya fi muhimmanci, wanda mutane ba su cika lura da shi ba, shi ne yawanci ana aika sunayen ne ba tare da an faɗi ma'aikatar da kowa zai riƙe ba. 'Yan majalisa suna tantance mutum alhali ba su san ko ilimi za a ba shi ko albarkatun ruwa ba. Ta ina za su tambaye shi yadda zai raba malamai tsakanin Fagge da Doguwa? Sai a yi tambayoyin gama-gari, wani ma a ce ya rusuna ya wuce don ya taɓa zama ɗan majalisa. Sai ranar rantsuwa ake jin inda kowa ya faɗa.

Ko da an dace da mutumin kirki, ikonsa yana da iyaka, domin ilimi a Kano ba a hannu ɗaya yake ba. Ma'aikatar ilimi tana tsara manufa, tana kai takarda majalisar zartarwa, tana kare kasafin kuɗi. Firamare da ƙaramar sakandare suna ƙarƙashin hukumar ilimin bai ɗaya, SUBEB. Manyan sakandare suna da hukumarsu. Makarantun kimiyya da fasaha suna da tasu daban, haka makarantun Alƙur'ani da Islamiyya, haka masu zaman kansu. Shugabannin waɗannan hukumomi gwamna ne ke naɗa su, kamar yadda ya naɗa kwamishinan. A takarda suna ƙarƙashin ma'aikata, a aikace kowa yana da ƙofarsa ta shiga gidan gwamnati. Idan jininsu ya haɗu da na kwamishina, aiki ya tafi. Idan bai haɗu ba, sai ka ga umarni biyu masu karo da juna sun isa makaranta ɗaya a mako ɗaya, hedimasta ya rasa wanda zai bi.

Sai babban sakatare, wanda shi ne mai sa hannu a kan kuɗin ma'aikata kuma shi ne ya kamata ya riƙe tarihin aiki idan 'yan siyasa sun sauya. Shi ma gwamna ke naɗa shi, kuma ana iya ɗauko shi daga kowace ma'aikata. Kano ta taɓa ganin wanda ya bi tsanin tun daga tushe: Malam Ibrahim Shekarau ya fara da koyar da lissafi, ya riƙe makarantu a matsayin firinsifal har da Kwalejin Rumfa, ya kai babban sakatare kafin ya zama gwamna a 2003. Ko mutum yana ƙaunar siyasarsa ko ba ya yi, wannan hanya tana nuna wa malami cewa daga aji ana iya kaiwa can sama ta hanyar aiki. Yawan waɗanda suka bi irin wannan hanya a cikin masu riƙe da hukumomi shi ne ma'aunin farko na darajar da tsarin ya ba malami.

Yanzu a gangaro inda gizo ke saƙa. Jihar tana da ƙananan hukumomi 44, kowacce da ofishin ilimi da sakataren ilimi, wanda malamai ke kira ES. Takwas daga ciki su ne birni da kewaye: Birni, Dala, Gwale, Fagge, Nassarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. Ta ofishin ES takardar canjin wurin aiki take bi. Shi ke ba da sunan wanda zai zama hedimasta, shi ke tura masu duba makarantu, shi ke tattara sunayen waɗanda lokacin ƙarin girmansu ya yi, shi ke ba da rahoton wanda ba ya zuwa aiki. Malami yana iya yin shekara 35 bai taɓa haɗuwa da kwamishina ba, amma ba zai yi zango ɗaya ba tare da hukuncin ES ya shafe shi ba.

Matsalar wannan kujera ita ce tana zaune a mahaɗar hanyoyi uku: SUBEB da take sama da ita, shugaban ƙaramar hukuma da kuɗin albashi ke fitowa daga kasonsa, da jagororin jam'iyya na yankin da ke ganin kujerar rabonsu ce. Idan ta hanyar na ukun mutum ya samu, to da bashi ya shigo ofis, kuma da abin da ke hannunsa zai biya. Ba kwangila ce a hannunsa ba, taransifa ce da naɗin hedimasta. Daga nan ake samun abin da kowa ya sani: makaranta a tsakiyar birni mai malaman darasin zamantakewa fiye da buƙata, ana karba-karbar shiga aji, ga wata a bayan gari, ko ma a sababbin unguwannin Ungogo da Kumbotso da suka cika da jama'a, malamai ƙalilan suna fama da ɗaruruwan yara. Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya. Wanda ba shi da kowa shi ake turawa nesa, kuma ana tura shi ne ba tare da wani alawus da zai rufe kuɗin Adaidaita Sahu ba, wanda ya ninka tun bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023.

A nan ne lissafin "muna da malamai kaza, ɗalibai kaza" yake yaudara. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Idan aka raba jimillar yaran ƙaramar hukuma da jimillar sunayen da ke takardar albashi, adadin da zai fito yana iya zama mai ɗan dama-dama. Amma a cikin sunayen nan akwai waɗanda ke zaune a ofishin ilimi, da waɗanda aka ba aro ga makarantun Islamiyya na al'umma, da masu hutun karatu, da hedimasta da mataimakansa da ba sa shiga aji. Abin da ya kamata a ƙirga shi ne wanda ke tsaye gaban allo ƙarfe tara na safiyar Talata. Ɗauki aji mai yara 100, wanda ba baƙon abu ba ne a firamaren birni. Idan malami ya ba da aiki, ya ba kowane littafi minti biyu kacal, minti 200 ke nan, sa'a uku da minti 20 a kan darasi ɗaya. Ba zai yi ba. Zai rubuta a allo, yara su kwafa, ya zaga ya sa jan biro a kan na layin gaba. Yaro ya kai aji shida yana kwafa da kyau amma bai iya karanta abin da ya kwafa ba. Sai a ce malaman gwamnati ba su iya aiki ba, alhali wanda ya sa hannu a takardar rabon malamai shi ya rubuta sakamakon tun kafin a shiga aji.

Ba wai malamai duka tsarkaka ba ne. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai mai zuwa ya sa hannu a rajista ya wuce Kantin Kwari ko Singa, akwai mai takardar shaidar malanta ta NCE da ba ya iya rubuta wasiƙar neman hutu. Amma tambayar da ya kamata a yi ita ce ta ina ya shigo, wa ya ɗauke shi, wa kuma yake kare shi. Hedimastan da ya rubuta rahoton malami mai fashi, washegari aka kira shi a waya aka ce ya janye, ya koyi darasi. Malaman da suka ga haka su ma sun koya. Shi ya sa jarrabawar da Kaduna ta yi wa malamai a 2017, wadda ta kai ga sallamar sama da 21,000, ta bar tambaya a buɗe: an kori waɗanda aka ɗauka ba bisa ƙa'ida ba, amma hanyar da suka bi suka shigo fa? Idan ba a toshe ta ba, shekara goma ta isa a sake cika azuzuwa da irinsu.

Kujerar hedimasta ita ce aka fi rainawa, ita ce kuma ta fi kowace tasiri. Makarantu biyu a unguwa ɗaya, albashi ɗaya, gini iri ɗaya, sai ka ga iyaye suna rububin ɗaya suna gudun ɗaya. Bincika, za ka tarar da bambancin a ofishin hedimasta yake. Nagari yana isa kafin taron safe, yana duba shirin darasin malamai kowane mako, yana shiga aji ya zauna a baya ya saurara, yana ba malamin da ya fi ƙwarewa aji ɗaya da aji biyu inda ake koyon haɗa baƙi, ba ya tura masa sabon shiga. Yana da rajistar da ta dace da yaran da ke zaune a ƙasa, ba wadda aka kumbura don ciyarwa ko rabon kaya ba. Ya san yadda zai zauna da kwamitin gudanarwar makaranta da mai unguwa da liman ya samu a gyara rufin da iska ta yaye kafin damina. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ake ganewa ta hanyar duba shekarun aiki kawai, balle ta hanyar takardar wani babba. Amma da waɗannan biyun aka fi naɗawa.

Akwai kuma wani lahani da ke cikin ginin tsanin kansa. Mai NCE yana fara aiki a mataki na 7, mai digiri a mataki na 8. A ƙa'ida ana ƙarin girma duk shekara uku har zuwa mataki na 14, daga nan duk shekara huɗu. Ƙarin girman yana tafiya ne da shekaru da takardu, ba da abin da yara suka koya ba, don haka mai ƙwazo da mai fashi tare suke hawa. Sau da yawa kuma takardar ƙarin girma tana fitowa amma kuɗin bai bi ta ba sai bayan watanni ko shekaru, ariyas ɗin kuma a bar wa Allah. Wanda yake son ya bambanta da sauran hanya ɗaya gare shi: ya bar aji. Ya zama mataimaki, ya zama hedimasta, ya koma ofishin ilimi, ya nemi hedikwata. Tsarin yana cire mafi iya koyarwa daga koyarwa ya sa shi cike fom. A idon jama'a ma haka ne, wanda ya tsufa a aji ana yi masa kallon wanda bai samu hanya ba. Dokar da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2022, wadda ta kai shekarun ritayar malamai 65 ko shekara 40 a bakin aiki, ta tsawaita zaman ne kawai, ba ta buɗe wa gwanin aji wata hanyar ɗaukaka ba tare da ya ajiye alli ba.

Kuɗi ma suna tura shugabanni wani ɓangare. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga hukumar ilimin bai ɗaya ta ƙasa, UBEC. A tsarin rabon da aka daɗe ana bi, rabin wannan kuɗi tallafi ne da jiha ba za ta karɓa ba sai ta ajiye kwatankwacinsa, kuma mafi yawansa gini da kujeru yake tafiya; horar da malamai kashi 10 ne. Ba a biyan albashi da shi. Albashin malamin firamare daga kason ƙananan hukumomi ake cire shi. Don haka shugaban da ya san zamansa a kujera ba tabbas, yana kuma son a ga aikinsa, zai karkata ga abin da ake yanke wa kirtani a ɗauki hoto. Bene mai fenti ana ganinsa daga titi. Gyaran rabon malamai ba ya fitowa a hoto, sai ma ya jawo maka maƙiya, domin kowane malamin da ka ɗauke daga Tarauni ka kai Rogo yana da wanda zai kai ƙara wajensa.

Gwamnatocin Kano ba su rasa manyan sanarwoyi ba. A 2019 gwamnatin Ganduje ta ayyana ilimi kyauta kuma dole. A watan Yunin 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, kasafin shekarar ya ba ɓangaren kusan kashi 30 cikin 100, an mayar da dubban malaman sa-kai na BESDA, shirin mayar da yara makaranta, ma'aikatan dindindin, aka kuma kai mafi ƙarancin albashi naira 71,000. Waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne. Amma ilimi kyauta yana ƙara yara a aji, sababbin malamai kuma ta hannun ES za a raba su. Idan wannan hannun bai gyaru ba, rijiya ta bayar guga ya hana.

Kano tana da misalinta na abin da ke aiki. A 1977 aka kafa makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa ƙarƙashin hukuma ta musamman. Ana shiga da jarrabawa, hukumar tana da ikon zaɓen malamanta da kula da su, ba a cika jefa mata wanda aka rasa inda za a kai ba. Likitoci da injiniyoyin da suka fito daga can sun cika asibitoci da ma'aikatun Arewa. Za a ce ai zaɓaɓɓun ɗalibai ne, kuma gaskiya ne. Amma zaɓen ɗalibai kaɗai ba ya koyar da kimiyyar sinadarai. Abin da ya riƙe makarantun shi ne an bar masu sanin aikin su zaɓi masu yin sa.

Yadda za a kai wannan ga kujerar ES da ta hedimasta ba wani sirri ba ne. A tallata gurbin a fili, a faɗi sharuɗɗa: rajista da hukumar TRCN, wadda aka kafa tun 1993 don tantance malamai, mafi ƙarancin matakin albashi, da shekarun da mutum ya yi yana koyarwa da hannunsa, ba shekarun aikin gwamnati kawai ba. A yi jarrabawa a kan aikin da zai yi. A ba mai neman ES jerin makarantu 20 da yawan yara da malaman kowacce, a ce ya sake rabon ya kare hujjarsa. A sa mai neman hedimasta ya kalli darasi na minti 35 ya rubuta abin da zai gaya wa malamin. A kai ziyara makarantar da ya baro ba tare da sanarwa ba, a ɗauki yara goma daga aji uku a ba su gajeren rubutun Hausa su karanta. Sannan a liƙa makin kowa a allon sanarwa. Wurin da irin wannan tsari ya saba lalacewa shi ne tsakanin jarrabawa da sanarwa: a yi jarrabawa da gaske, a ɓoye sakamako, jerin da zai fito ya zama wani daban. Shi ya sa liƙa maki ya fi jarrabawar kanta muhimmanci. Sai wa'adi tabbatacce, misali shekara huɗu, wanda ba za a yanke ba sai da laifin da aka rubuta, domin wanda ake iya cirewa da kiran waya ba zai ƙi bin umarnin kiran waya ba.

Masu cewa gwamna yana da haƙƙin ya yi aiki da waɗanda ya amince da su suna da gaskiya a kan kwamishina. Kujerar siyasa ce, kuma kwamishinan da ba shi da fada a wajen gwamna, ko da digiri uku gare shi, takardunsa za su kwana a tebur. Abin da ake buƙata a wannan mataki shi ne a aika sunansa majalisa tare da ma'aikatar da zai riƙe, a kuma bar shi ya daɗe har ya san ƙofofin gidan. Yaron da ya shiga aji ɗaya yana buƙatar shekara tara kafin ya gama ilimin bai ɗaya. A wannan tsakani yana iya ganin kwamishinoni huɗu ko biyar, kowanne da sabon shiri da sabon kwamiti. Amma hujjar amincewa ba ta sauka har kan hedimastan firamare. Shi ba manufa yake tsarawa ba, yara yake koya wa karatu.

Ga kuma wani sabon ƙulli da ya shigo. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. Ƙungiyar malamai ta NUT ta daɗe tana fargabar mayar da albashin firamare hannun shugabannin ƙananan hukumomi, saboda tsofaffin malamai ba su manta da watannin da suka yi babu albashi ba a farkon shekarun 1990, lokacin da aka gwada hakan. A Kano abin yana da wani salo na daban: ƙananan hukumomin birni suna da malamai da yawa a manyan matakan albashi, har kuɗin albashinsu yana cinye kaso mai yawa na abin da suke samu, asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi ne ke cike giɓin da rarar na karkara. Idan kowace ta koma tana biyan nata, shugaban ƙaramar hukuma zai nemi ya zama shi ke naɗa ES tunda shi ke biya, Dala da Gwale kuma za su fara duba takardar albashinsu suna tambayar wanda ya turo musu wannan tarin malamai.